Bindigogin Kawu da Tantabarar Harami

Bari in fara da wautata, tunda ko ban faɗa ba matata ta riga ta kai labarin har unguwannin Rusaifa da Shisha na nan Makka. Ranar da aka bugo waya aka ce Kawu ya cika, ina zaune ina shan shayin hantsi. Abin da Musulmi ke faɗa a irin wannan lokaci kowa ya san shi, har jikana da bai iya ɗaura wando ba. Ni kuwa abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "To makullin ɗakin bindigogin yana hannun wa?" Sai da matata ta dafe ƙirji ta yi salati sannan na tuna, na bi bayanta da innalillahi. Na doshi saba'in, gemuna babu baƙi ko ɗaya, amma ga abin da na yi wa yayan mahaifiyata, mutumin da ya riƙe ni tun ban san dama da hagu ba. Allah Ya yafe mini. Shi dai na san da ya ji, dariya zai yi har tari ya sarƙe shi, ya ce ai ɗan ƙanwarsa bai taɓa sauya saiti ba, kullum gefe yake harbi.

An yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa. Daga nan aka shiga zaman makoki, wanda a nan ake kira aza. Aka jera kujeru a layin gidansa na Hindawiyya, aka rataya fitilu, mai karatu yana karatu, yara suna zagayawa da gahawa. Mu dangi muna jere a gaba, masu gaisuwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kafaɗarka ya yi addu'a ya wuce.

A nan na ga kowa da Kawun da ya rasa. Wani tsoho mai tsire, cikin mutanenmu da suka biyo ta Chadi, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ba ni labarin wani risho da Kawu ya yi ta raya masa tun yana saurayi, ladan gyaran kuwa bai taɓa wuce tsinken tsire ba. Daga cikin gida ana jiyo matan unguwa masu ɗinki, waɗanda ba su taɓa sanin ƙofar wani mai gyaran keke ba sai tasa. Jikoki suna kuka da Larabci, suna kiran Sidi, Sidi, wato kaka, don Hausar tasu ba ta kai ta kuka ba. Limamin masallacin layin, wanda suka yi shekaru suna ja-in-ja da mamacin, ya zauna, hawaye yana bin gemunsa, ko goge shi bai yi ba.

Can baya kuma ga wani gungu da ba su yi kama da kowa ba. Mutanen bindiga ke nan, wasu daga Jidda, wasu daga Ɗa'if. Cikinsu akwai wani tsohon Balaraben ƙauye da ya rufe fuska da gefen rawaninsa yana ta sheshsheƙa, yana cewa yanzu wa zai ƙara saurara masa tarin bindigarsa. Akwai kuma wani dillali mai tumbi da zobe a kowane yatsa. Da layi ya kawo shi kaina, ya dafa kafaɗata ya daɗe fiye da yadda ake daɗewa, ya sunkuyo ya raɗa mini ko tsohuwar bindigar nan 'yar Jamus tana nan. Na so in yi fushi, sai na tuna abin da ni kaina na faɗa da hantsi, na haɗiye.

Babban ɗan Kawu shi ne a farkon layinmu na dangi. Taubashina ne, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba. Ma'aikacin ofis ne, yana zaune a Shisha da iyalinsa, farar rigarsa kullum kamar yanzu ta fito daga guga. Idonsa a bushe yake. A daren aza na biyu, bayan an watse, ya ja ni gefe ya ce ya riga ya yi magana da dillalin. Da zarar an tashi daga makoki za a buɗe ɗakin, a yi wa bindigogin kuɗi gaba ɗaya, a raba wa magada. Ya ce in zo in tsaya, tunda ni na san su.

Na ce, "Taubashi, ko ɗaya ba za ka ajiye ba? Ko don tunawa?"

Ya ce, "Ba na son ko ɗaya ta sake kwana a gidan nan."

Ni na san dalilin wannan magana. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da cewa aji biyu na yi a elemantare kafin a ɗauko ni daga gida, rubutuna kuma kamar kaza ta taka tawada. Ba na so a ce bayan shekara kaɗan abin da ya rage na Kawu shi ne "tsohon nan mai bindigogi".

Kawu da ƙafa ya zo ƙasar nan, ta Sudan, yana matashi, tare da ayarin da ya bar wasu a hanya. Bai cika ba da wannan labari ba. In ka matsa masa sai ya ce ƙafar ce ta yi tafiyar, je ka tambaye ta. Ya buɗe ɗan shago a Hindawiyya yana gyaran risho da keken ɗinki, shagon da in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Ta nan bindiga ta same shi. Wata rana wani ya kawo masa bindigar iska, irin wadda mutanen nan ke kira saktun, ya ce ta daina tura dalma. Kawu bai taɓa buɗe irinta ba. Da ya kwance ta sai ya tarar da 'yar fata a ciki, zagayayya kamar murfin kwalba, ita ke tura iskar. Ya ce da ya gan ta sai da ya yi dariya, don ƙanwar fatar famfon risho ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yanko fata daga wani tsohon takalmi, ya jiƙa ta a mai, ya zaunar da ita. Bindiga ta tashi. Mai ita bai dawo ba har yau, kuma ita ce ta fara hawa bangon ɗakin.

Daga nan abin ya zama ciwo. Duk inda ya ji an ce wani tsoho ya mutu ya bar saktun, ko wani zai tashi daga gida yana zubar da tarkace, Kawu yana can. Ya tara 'yan Jamus, 'yan Ingila, da waɗansu da ko shi bai san ƙasarsu ba. Da hukuma ta ce kowace bindiga sai da takarda, ya bi layi ya yi wa kowacce tata. Ya riƙa tsokanata da cewa bindigoginsa sun riga ni zama 'yan ƙasa.

In aka kawo masa bindiga ya faɗi darajarta, ba ya fara duban sunan da ke jikinta. Sai ya karya ta a gwiwa, wato ya buɗe ta ta gaɓar da ake sa dalma, ya kai hancinsa ya shinshina. Ya ce man keken ɗinki da man mota da man da ya dace, kowanne da warinsa, kuma warin zai gaya maka irin gidan da ta zauna. Sannan ya juya ta wajen haske ya dubi kawunan sukurorinta. In tsagar kan sukuru tana nan sumul, to masu hankali ne suka riƙe ta. In kuwa an cinye tsagar, an yi mata kaca-kaca, sai ya ajiye bindigar a hankali ya ce, "Jahili ya shiga cikinta." Daga wannan magana babu ɗaukaka ƙara. Ko da zinariya aka yi ta, darajarta ta faɗi.

Na taɓa ganin wani matashi ya shigo da fara'a, ya kwance wata tsohuwar 'yar Ingila daga bargo. Ta kakansa ce. Ya sa samfefa ya goge katakonta tas, ya shafe ta da man ƙyalli na kafintoci, ƙarfen ma ya bi shi da baƙin fenti, tana walƙiya kamar takalmin ango. Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya tambaye shi ko akwai wani ɗan lotso a gindinta, inda kumatu ke kwanciya. Yaro ya ce akwai, amma ya goge shi. Kawu ya ce to wannan lotson kumatun kakanka ne, shekara da shekaru, shi ka goge. Yaron ya fita jiki a sanyaye. Da na ce masa ai ka yi masa tsauri, sai ya ce tsatsar gaskiya ta fi fentin ƙarya, ya ci gaba da shan shayinsa.

Abu ɗaya ne ke sa ya kori mutum daga ɗakin: ka ɗana bindiga ka ja kunama babu dalma a ciki. Ya ce hakan kamar ka sa tsoho ya yi tsalle ne a kan siminti, ƙarfen ciki zai daki ƙarfe, fatar ta fashe. Ya kori ɗan kasuwa, ya kori surukinsa, ya taɓa korar wani mai muƙami da ya zo da direba. Ni ya kore ni har na daina ƙirgawa, sai dai ni ba ni da kunya, gobe na dawo.

Sau ɗaya na ga ya yi ƙarya a kan bindiga. Wani dattijo maƙwabcinsa, da ya yi aikin ɗaukar alhazai a kujera har bayansa ya lanƙwashe, ya shigo wata rana da wata 'yar Sin wadda ko yara ba sa so, bakinta a karkace. Kowa a layin ya san gidansa babu abin ɗorawa a wuta, kuma kowa ya san gara ya mutu da ya roƙa. Kawu ya karya ta, ya shinshina, ya ɗaga ta sama, ya yi ta girgiza kai yana cewa ya daɗe yana neman irin wannan, ina ka samo ta. Ya saya da abin da ya ishi gidan har wata ya kama. Bai tsaya nan ba, ya rataye ta a tsakiyar bango, kusa da 'yar Jamus, don in dattijon ya shigo shan shayi ya gan ta a wurin girma. Tana nan har dattijon ya rasu. Washegarin jana'izarsa Kawu ya sauke ta ya ce in kai wa masu gwangwan, ta ishe shi ciwon ido.

Rigimarsa da Liman kuwa ta kai shekaru. Liman ya ce bai halatta a riƙe makami a garin Makka ba. Kawu ya ce saktun ba makami ba ce, tsohuwa ce mai tari. Liman ya ce tsohuwar da ke fasa ido. Haka za su yi ta yi bayan sallar la'asar, har a kawo shayi, su sha, gobe su ɗora daga inda suka tsaya. Amma abin da Liman ya daɗe bai sani ba shi ne, Kawu ya fi shi tsanani. Bai taɓa sa dalma a bindiga a cikin iyakar Harami ba. Ko gyara ya yi yana son gwadawa, sai ya naɗe ta a bargo ya jira Alhamis.

Alhamis ita ce ranarmu. Ni direban motar haya ne, aikin da na yi ke nan duk rayuwata. Bayan azahar zan faka a bakin layi, ya fito da bargonsa da buhun gwangwanayen madara da butar shayi. Mu ratsa gari, mu bi ta Shisha, mu kama hanyar Ɗa'if. Ba ya cewa komai sai mun wuce alamar iyakar Harami. Da mun wuce sai ya yi ajiyar zuciya ya ce to yanzu mun shigo ƙasar mutane. Mu sami gindin dutse, ya jera gwangwanaye, ya rufe ido ya saurari harbin farko. Wai kowace bindiga da tarinta. Mai lafiya tarinta gajere ne, a bushe. Mai ciwo kuwa sai ta yi ƙara tana karkarwa kamar ƙofar kwano. Ko a can wajen, inda ya halatta, ban taɓa ganin ya auna abu mai rai ba. Ni kuwa ko gwangwanin ban cika samu ba. Ya ce in ana neman wurin da ya fi ko'ina aminci a ƙasar Hijaz, a tsaya daidai inda nake aunawa.

Da farko mu uku ne a motar. Babban ɗansa yana baya, rungume da wata ƙaramar bindiga da uban ya saya musamman dominsa, mara nauyi, gajeriya, daidai kafaɗar yaro. Kuma yaron yana da hannu. Tun bai kai ya yi azumi cikakke ba yake kayar da gwangwani daga inda ni ko ganinsa ba na yi. Kawu ba ya yabo, amma na sha ganin yana ɓoye murmushi a cikin kofin shayi.

Sai ranar da abin ya faru. Yaron yana da shekara goma sha uku ko sha huɗu. Uban yana shago. Abokai suka zuga shi, ya ɗauki ƙaramar bindigar ya hau soro, ya auna tantabara a kan bangon maƙwabta. Hannun da ba ya kuskure bai kuskure ba. Ta faɗo cikin layi, a gaban mutane.

Wanda bai zauna a Makka ba ba zai gane nauyin wannan ba. Tantabarun garin nan ba a korarsu, balle a kashe. Suna sauka a gabanka kai ne za ka kauce. Malamai sun ce wanda ya kashe ɗaya, fansarta tunkiya ce, a yanka a raba wa matalautan garin. Ga kuma wani tsoron da ba a faɗa da ƙarfi. A lokacin, rabin gidajen layin takardunsu ba su cika ba. A ce ɗan baƙar fata ya hau soro da bindiga yana harbin tantabarun Harami, magana ce da in ta yi nisa ba a san inda za ta tsaya ba.

Kawu bai dake shi ba. Da ma ya dake shi. Ya je kasuwar dabbobi ya sayo tunkiya, ya damƙa wa yaron igiyar, ya sa shi ya ja ta tun daga bakin titi, layi layi, har ƙofar gida, shi yana biye a baya. Duk wanda ya tambaya, yaron ne zai faɗa da bakinsa abin da ya yi. Aka yanka, ya ɗora masa tiren naman a ka, gida gida. Abokansa suna leƙe suna dariya. Har ya girma akwai masu kiransa da sunan tantabara.

Inna, matar Kawu, ta yi masa magana a ranar, ina tsakar gidan. Ta ce yaro ne, abin ya isa haka. Amsar da ya ba ta ban manta ba.

"Ni da tantabarar nan takardarmu ɗaya. Na shigo garin nan ba ni da kowa, ba ni da komai, aka bar ni na zauna don albarkar Ɗakin Allah. Ita ma haka. In ɗana ya harbe ta, wa ya rage ba zai harba ba?"

Ya goge ƙaramar bindigar, ya rataye ta can sama kusa da rufi. Alhamis ta zagayo, na faka, ya fito shi kaɗai. Na duba bayansa, ya ce mu tafi. Na ɗauka fushin mako ɗaya ne ko wata ɗaya. Ashe an rufe ƙofar ke nan.

Ba wai sun daina magana ba. Yaron ya yi karatu, ya sami aiki, ya yi aure, ya koma Shisha. Bai taɓa saɓa wa uban ba. Duk Juma'a yana gidan da 'ya'yansa, ya sumbaci kan tsohon, ya zauna. Da ciwo ya zo, shi ke kai shi asibiti, shi ke kwana. Amma ko sau ɗaya bai sake taka ɗakin bindigogin ba, in an fara hirarsu sai ya tashi ya ce zai duba mota. Shi kuma Kawu bai taɓa cewa zo mu je ba. Ina ƙaunar Kawu, kuma ina roƙon Allah Ya sa kabarinsa ya zama dausayi, amma a nan ya yi tsauri. Tunkiya ta biya fansar tantabara tun a ranar. Abin da ya biyo baya ban san fansar mene ne ba. Mutum ne da ya iya gyara duk abin da ke da sukuru, wanda babu sukuru a jikinsa kuwa sai ya rataye shi ya yi ta kallo.

A shekararsa ta ƙarshe hannunsa ya kama rawa. Kofin shayi sai da hannu biyu. Muka daina fita. Ina zuwa dai in zauna, ya sa ni in sauko da wannan in mayar da waccan, yana faɗa mini inda zan shafa mai.

Da aka tashi daga makoki, dillali ya zo da hantsi da motarsa. Inna ta miƙo makulli daga bayan labule, don tana takaba. Taubashina ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya a waje. Ni na shiga ina sauko da su, ina karyawa ina shinshinawa kamar na san abin da nake yi. Allah Ya sani, ni duk warin mai ɗaya nake ji. Dillalin kuwa ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya duba 'yar Jamus, ya ce ko a Jidda bai ga mai tsabtarta ba, sukurorinta kamar ba a taɓa sa musu ƙarfe ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yabon hannun mamacin.

Na hau kujera na sauko da ƙaramar daga sama. Na zaci zan sha ƙura, sai na ji ta a goge. Dillali ya karɓa ya juya ta wajen taga, ya taɓe baki. Ya nuna mini kawunan sukurorin. An cinye su, tsagar ta yi faɗi, ga zane-zane a jikin ƙarfen inda sukudireba ta riƙa zamewa, sababbi fil, ko duhu ba su yi ba. Ya karya ta ya shinshina, ya ce fatar ciki sabuwa ce, man ma bai gama shiga ba. Sannan ya faɗi maganar da ya koya a wannan ɗakin.

"Wannan kam jahili ya shiga cikinta. Sai dai in haɗa ta da sauran a matsayin gyaran ciniki."

Sai muka ji muryar Inna daga bayan labule, a hankali.

"Ba jahili ba ne. Shi ne."

Ta ce kafin azumi ne. Ya sa jikarsa ta sauko masa da ita, ya rufe ƙofa. Ya yi kwanaki yana fama, ƙarfen yana kuɓuce masa, har ya yanke a yatsa. Ta ce masa ya bari a kira ɗan ƙanwarsa ya taya shi, wato ni, ya ce a'a, wannan ba aikin da ake ba wani ba ne. Da ya gama ya sa aka mayar da ita. Ta tambaye shi ta wace ce, ya ce in an gama azumi, in ya ji ƙarfi, akwai inda za su. Bai faɗi da wa ba. Bayan salla kuma aka kwantar da shi, bai sake tashi ba.

Dillali ya rasa inda zai sa idonsa, ya ajiye bindigar a kan tabarma kamar mai ajiye jariri. Taubashina ya shigo. Wannan ne shigarsa ta farko tun yana yaro. Ya durƙusa ya ɗauke ta, ya sa babban yatsa yana shafa kawunan sukurorin nan. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce da dillalin, da Larabci, wannan ba ta cikin ciniki.

Sauran sun tafi. Ban ga laifinsa ba, gado ne, akwai 'yan'uwansa mata, kowa da haƙƙinsa. Na taya aka naɗe su a barguna aka jera a mota. Da bangon ya zama fili sai ga inuwar kowacce a jikin fenti, fari fat, inda rana ba ta taɓa ba. A nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, har Inna ta ce daga bayan labule in yi haƙuri, in bar wa mata nasu aikin.

Ranar Alhamis da azahar wayata ta yi ƙara. Taubashina ne. Ya tambaya ko akwalar motar tawa tana tashi, ko sai an tura. Na ce ta fi tasa lafiya, tasa kwalliya ce kawai. Na same shi a ƙofar gidansu a Shisha, ya cire farar rigar ofis, yana riƙe da bargo. Ya shiga gaba ya zauna.

Muka kama hanyar Ɗa'if, muka wuce alamar iyaka. Na kai shi gindin dutsen, na jera gwangwanaye. Bindigar ta yi masa ƙanƙanta, sai da ya dunƙule kafaɗa kamar mai jin sanyi. Ya sa dalma, ya auna, ya ja. Ni ban iya shinshina ba, amma kunnena ya sha zama kusa da Kawu. Tarin gajere ne, a bushe. Aikin ya yi. Gwangwanin dai yana nan a tsaye, ya kuskure da kusan taki guda. Na ce masa barka da shigowa ƙungiyarmu ta masu harbin gefe, mun daɗe muna neman mataimaki. Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya juya mini baya yana kallon duwatsu. Na shiga haɗa shayi, na yi kamar gawayin ne ya ƙi kamawa. Daga baya ya sake ɗanawa, a harbi na uku ko na huɗu gwangwani ya yi sama.

Mun yi la'asar a can, muka yi wa Kawu addu'a. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba shi amincin da ya fi wanda ya samu a garin nan, Ya yafe masa tsaurinsa don taushin da ke ƙarƙashi.

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi, bindigar tana kan cinyarsa cikin bargo. Ina ta zuba, ina ba shi labarin ranar da Kawu ya kori mai muƙami, ina jin daɗin kaina, wai na sulhunta uba da ɗa. Da muka iso mahaɗar da ke shiga layinsu na rage gudu. Ya nuna mini wata taga a hawa na uku, ya ce ta ɗakinsa ce. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ba kuma da faɗa ba, ya ce:

"Duk Alhamis ta nan kuke wucewa, Taubashi, ina ganin motarka. Shi na san taurin kansa. Amma ai birkin a ƙafarka yake."